Sawun da Bai Bushe Ba

Kukan gauraki ne ya fara sanar da mutanen Tungar Zayyanu cewa an yi ɓarna. Tun hantsi tsuntsayen biyu suke kewaya fadama, su sauka, su tashi, su sake sauka wuri guda, suna wani kuka mai kauri kamar ana busa ƙaho cikin tulu. Da masunta suka tura jirgi suka leƙa, sai suka tarar da sheƙar, wani tulin ciyawa a tsakiyar ruwa, babu komai cikinta sai gashi. 'Ya'ya biyun da aka ƙyanƙyashe kwanan nan sun ɓace. Gungumen da aka kafa kusa da sheƙar yana nan tsaye, amma kamarar da ke jikinsa babu ita. An yanke maɗaurinta da wuƙa.

An daɗe ba a ga gauraka a wannan yanki na gulbin Rima ba. Samarin garin ma a bakin kakanninsu suka san ta. Da waɗannan biyun suka sauka farkon damina, da tukkunsu mai ruwan zinari da jan kumatu, sai manoma suka riƙa dakatar da aiki suna kallonsu daga nesa, har a manta da fartanya a hannu. Saboda haka kafin azahar gari ya riga ya sami wanda zai zarga: baƙuwar nan mai kamara.

Sunanta Wuraola. Mahaifinta ɗan kasuwa ne daga kudu, amma ita a Birnin Kebbi aka haife ta, kuma Kabanci ne a bakinta. Tana da shagon buga takardu a can, a unguwar Gesse. Duk ƙarshen mako sai ta rataya jakar kayan hoto ta nufi fadama, tana bin tsuntsaye. Ita ta nemi izinin Maigari Abdussamadu ta dasa kamarar, kuma shi ya sa aka kira ta a waya da abin ya faru.

"Ke kinka kawo idon ga kinka dasa masu," in ji Riskuwa, wani manomin shinkafa da gonarsa ke bakin fadamar. Mutum ne mai faɗa, muryarsa ta fi ta kowa a ƙofar Maigari. "Kahin ki zo lahiya lau suke."

"Allah shi daɗe da ran Maigari, kamarata anka ɗauke tare da su," Wuraola ta ce, idanunta sun yi ja. "In ni ta, mi zan yi da sace kayana?"

"Don ki ruhe muna ido!" wani ya faɗa daga baya.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba za a kama sunan kowa ba sai an ji bakin ƙasa. Ya aika garin Gulma a zo da Tamba, mai bin sawu.

* * *

Tamba ya haura sittin. Tsohon maharbi ne da ya ajiye baka ya koma noma, amma bin sawu bai bar shi ba. In an kore shanu, ko an cire injin ban ruwa daga gona, shi ake nema tun daga Argungu har gaba. Ba ya yawan magana. Wata siririyar sanda yake riƙewa, wadda yake zagaye sawu da ita kafin ya tsuguna.

Musaddiq ne ya ɗauki Tamba da Wuraola a jirgi. Matashin masunci ne mai fara'a, shi ke kai Wuraola duk inda za ta cikin ruwa, har ta saya masa dogon takalmin roba saboda matsattsaku. Ya riƙa tura jirgin da gora yana nuna musu wurare, yana tsine wa duk wanda ya yi wannan aiki.

Tamba ya dubi sheƙar, ya shafa yankan wuƙa a jikin gungumen. Ya sa aka kai shi gaɓa. A nan laka ta ba shi abin karantawa: sawun mutum ɗaya, ba takalmi, siririyar ƙafa mai zurfin tsakiya. Ya sauko daga gonar shinkafa zuwa bakin ruwa daidai saitin sheƙar, ya daɗe a tsaye har ƙafafunsa suka nutse, sannan ya koma. A komawar dunduniyarsa ta fi shiga ƙasa.

"Ya ɗauko kaya," Tamba ya ce.

Sawun bai yi wata kwana ba, kai tsaye ya kai su ƙofar gidan Riskuwa.

Riskuwa ya fito yana huci. "To, ni na ɓarawon ke nan?"

"Ban ce ba. Mi kaɗ ɗauko daga bakin ruwa da sahe?"

Riskuwa ya nuna damin ɗanyar ciyawa a gaban san nomansa.

"Ciyawa na nan bayan gidanka," in ji Tamba. "Mi yak kai ka har can? Kuma ba yau kaɗai ba. Na ga sawunka na jiya, da na shekaranjiya, da waɗanda ruwan sama yac cinye rabinsu. Wuri guda kake tsayawa kullum."

Riskuwa ya dubi Wuraola, ya kau da kai. Da zai yi magana sai muryarsa ta sauka, kamar ba shi ba ne ya cika ƙofar Maigari da hargowa.

"Kallonsu nike. Ina yaro babana ya taɓa ɗora ni bisa wuya in ga suna rawa. Ban sake gani ba sai bana. Yau da nij je, iyayen na ta kuka, sai na san an yi wani abu." Ya haɗe fuska. "Kada ku je kuna gaya ma mutane."

Da suka bar gidan, Wuraola ta tambayi Tamba ko ya yarda da shi.

"Sawunshi ya tsaya inda ruwa ke kai gwiwa, ɗiyata. Tsakanin nan da sheƙa ruwa ya shanye mutum. Wanda yay yi wanga aiki cikin jirgi yaz zo." Ya tsaya yana kallon fadamar da ke walƙiya har iyakar gani. "Ruwa kuwa ba shi riƙe sawu. Nan nawa sanin yat tsaya. Bayan mutanen tungar ga, wa yas san da zancen kamarar?"

"Chimezie," ta ce a hankali. "Shi yas sayar min da ita."

* * *

Washegari da safe suka shiga Birnin Kebbi. Shagon Chimezie ɗan ƙarami ne, an cika shi da batura, da katunan ajiyar hoto, da mazaunin kamara mai ƙafa uku, da dogayen tabarau na kamara a jere cikin gilashi. Shi ne shugaban 'yar ƙungiyarsu ta masu sha'awar ɗaukar hoto. Da ya ji abin da ya kawo su, sai ya ajiye tsumman da yake goge tabarau da shi.

"Baba, gaskiya na roƙe ta ta faɗa min wurin, ba sau ɗaya ba. Ta ƙi. Har abin da ke nuna wuri a cikin kamarar ta kashe, don kada wani ya bi hoton ya gano sheƙar. Laifina guda, na sa hoton tsuntsayen a zauren ƙungiyarmu na waya. Bayan haka wani direba ya zo nan. Wai maigidansa yana da lambu cikin gida, da barewa da ɗawisu, yana son irin waɗannan. Na ce ni kamara nake sayarwa."

"Ya tambayi wani abu kuma?"

"Ya tambayi mai hoton. Ban faɗa ba. Amma duk Gesse an san Wura, kuma an san tashar da take hawa mota ranar Asabar."

Tamba ya ce yana son ganin hoton da ya jawo wannan duka. Chimezie ya juyo da babban allon kwamfutarsa.

Tamba ya yi shekaru yana bin dabbobin daji, ya san gauraka tun kafin ta ƙaura. Amma bai taɓa ganin ta haka ba. Kanta ya cika allon. Kowane silin tukkunta a ware yake, da ɗan baƙi a bakinsa. Idonta fari-fari ne kamar ruwan rijiya, kuma a cikin idon ana ganin fadamar gaba ɗaya, da sararin sama, da wani ɗan gajimare. Ya matso har numfashinsa ya taɓa allon.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe duk wanga na jikinta, muna ta wucewa."

Suna cikin haka wayar Wuraola ta soma kaɗawa a kan tebur, ta ƙi tsayawa. Ta ɗauka, sai ta miƙe tsaye.

"Kamarata ta!"

Ta yi wa Tamba bayani cikin sauri. Kamarar tana da layin waya a cikinta. Duk abin da ya motsa a gabanta sai ta ɗauka, ta ajiye, in ta sami sabis ta turo. Inda aka ɓoye ta tun jiya babu sabis. Yanzu ta samu.

"Ke nan an hito da ita tudu, kusa da hanya," in ji Tamba. "Mai saye na tahe. Mi tat turo?"

Murnarta ta koma ciki. Hotunan duk baƙi ne ƙirin. Ɓarawon ya ɓullo wa kamarar ta baya ya kifa mata buhu. Ta yi ta wucewa, baƙi bayan baƙi. Guda ɗaya ne kawai ke da wani farin tsini a kusurwa, inda bakin buhun ya ɗan zame.

"Turo min wannan," Chimezie ya ce. "Farin nan ne ya ruɗe ta, ta rage haske saboda shi. Amma duhun ba wofi ba ne, Baba. Akwai ɗan hasken da ta adana a ciki, idonmu ne bai kai ba."

Ya buɗe hoton a manhajar gyaran hoto, ya ja wani ɗan maɓalli a hankali zuwa dama. Baƙin ya soma komawa toka-toka, ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ya kai shi wata manhajar da ke tsince irin wannan tsakin, suka zuba ido injin yana gunji. Sai abubuwa suka soma fitowa, kamar yadda gari ke wayewa: katako, ƙusa, ƙaiƙayin shinkafa a lungu, da wani jan gwangwani da aka buga aka toshe huda da shi.

Wuraola ta dafe baki. "Jirgin Riskuwa na. Da shi yake kwaso shinkafa. Na san facin ga."

"Tsaya," in ji Tamba. "Matso min da nan."

Ya kai bakin sandarsa kan allon, Chimezie ya yi wuf ya tare ta da hannu biyu. Aka ƙara girman wurin. A kan busasshen katako, kusa da facin, ga wani tabo mai duhu. Sawun ƙafa ne, jiƙaƙƙe, da yatsunsa da dunduniyarsa.

Tamba ya cire hularsa ya riƙe. Ya ƙura wa tabon ido. Irin wannan sawun, na ruwa a kan katako, ya san ba ya kai tsawon alwala rana ta shanye shi. Tun yana yaro yake tseren isa ga sawu kafin iska da rana da kofaton shanu su riga shi, kuma sau da yawa su ke cin tseren. Yau ga wanda ya bushe tun jiya da safe, a tsakiyar ruwa inda ba mai iya bi, yana nan gabansa da danshinsa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce. "Kuna iya hidda min shi bisa takarda, daidai girman ƙahwar mutum?"

* * *

Bayan la'asar aka taru a ƙofar Maigari Abdussamadu. Tamba ya roƙi a kira duk wanda ke tura jirgi a tungar. Ya kuma raɗa wa Maigari wata magana, aka tura 'yan banga biyu su zauna a bakin hanyar mota.

Da aka buɗe takardar, jan facin nan aka fara gani. Wuri ya kaure. Riskuwa ya miƙe.

"Jirgina na, ban musa ba! Amma mashaya yake kwana, ko ɗauri babu. Wa na bai taɓa ɗauka tai ba cikinku?"

"Zauna, Riskuwa," in ji Tamba. "Ba jirgi niz zo nema ba."

Ya sa aka kawo busasshen katako da bokitin ruwa. Ya ce kowa ya tsoma ƙafar dama ya taka. Riskuwa ya fara, sawunsa ya fito siriri, tsakiyarsa ko taɓa katakon bai yi ba. Na takardar kuwa faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe. Masunta suka yi ta takawa ɗaya bayan ɗaya, Tamba yana duba kowanne yana girgiza kai, har layi ya ƙare.

Musaddiq yana zaune kusa da Wuraola, riƙe da jakarta kamar yadda ya saba.

"Musaddiq, tuɓe takalminka."

Ya yi dariya. "Baba, ni da nika kai ta kullum? Kuma miki gare ni ga ƙahwa."

"Jiya ka tura ni cikin jirgi da takalmin ga. Na ga kana zamewa, kana kama gora da ƙyar, amma ba ka tuɓe ba. Masunci da ƙahwa yake riƙe jirgi. Na yi ta mamakin wa kake ɓoye ma tahin ƙahwarka, ashe ni na. Tuɓe."

Babu miki. Ya tsoma ƙafar, ya taka, ya ɗaga. Tamba ya shimfiɗa takardar a gefen katakon. Faffaɗar ƙafa, ƙaramin yatsa bai taɓa ƙasa ba, ga wani tsohon yanka ya ratsa dunduniya a karkace. Mutane suka yi ta turereniya suna duba wannan suna duba wancan. Suna kallo na katakon ya soma ƙanƙancewa daga gefe, ya dushe, ya tafi. Na takardar yana nan yadda yake. Wani tsoho ya ja da baya yana salati.

Musaddiq ya durƙushe, ya faɗi komai. Direban nan ya biyo motar da Wuraola ke hawa, ya same shi a mashaya, ya yi masa alkawarin injin jirgi sabo. Shi kuwa Musaddiq ya ɗauki jirgin Riskuwa ne domin nasa shuɗi ne, ana gane shi daga nesa. Ya so ya jefa kamarar cikin gulbi, sai ya ga ta yi kyau da yawa.

"Suna ina?" Wuraola ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Anti, wallahi..."

"Suna ina, Musaddiq?"

A wani kangon injin casa suke, bakin hanya, cikin kwando. Nan aka sami kamarar ma, har yanzu cikin buhunta. Direban da ya iso kafin faɗuwar rana 'yan banga ya tarar suna jiransa, aka haɗa shi da Musaddiq aka wuce da su Argungu wurin hukuma. Maigari ya miƙe a gaban jama'a ya ba Wuraola haƙuri da sunan gari.

* * *

Riskuwa ne ya ce shi zai tura jirgin. Wuraola ta rungume kwandon a cinya, Tamba yana gaba. 'Ya'yan ba su fi cikin tafi biyu ba, gashinsu ruwan ƙasa mai laushi, ƙafafu sun yi musu tsawo. Ɗaya yana ta tsiwa yana saran kwando. Ɗayan ya kwantar da wuya, idonsa rabi a rufe.

Suka ajiye su a sheƙar, suka ja da baya suka shige cikin dogayen ciyayi. Wuraola ta ɗaura dogon tabarau a babbar kamararta, ta kashe ƙararta.

Sun daɗe suna jira. Mai tsiwar ya yi ta kiran da ba ya wuce kukan ɗan tsako. Can sai inuwa ta gifta ta kan jirgin, fukafukai baƙi da fari, faɗinsu ya kai tabarma. Iyayen suka sauka nesa, suka tsaya da wuya a miƙe. Suka soma takowa cikin ruwan da kaɗan-kaɗan, suna tsayawa, suna waige. Mai tsiwar bai jira ba, ya faɗa ruwa ya nufe su.

Ɗayan bai motsa ba.

Wuraola ta ɗauki hotunan da za ta ɗauka, sannan ta miƙa wa Tamba kamarar, ta nuna masa inda zai sa ido. Ya ga uwar ta hau sheƙar, ta sunkuyar da wannan kai mai zinari har ƙasa, ta taɓa ɗan da baki. Ta tsinko wani ƙwaro ta riƙe a gabansa. Ya faɗi, ta sake ɗauka. Ya sake faɗi, ta sake ɗauka. Tamba ya ƙara manna idonsa a kamarar.

"Mi kag gani?" Riskuwa ya raɗa. "Don Allah mi kag gani?"

"Ya buɗe baki," in ji Tamba. "Ya karɓa. Riskuwa, ya tashi!"

Sai uban ya buɗe fukafukansa, ya rusuna, ya yi tsalle sama da ƙafafu a sake, ya sauko ya sake yi. Uwar ta amsa masa. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya kama tukkunsu, ruwan da suke fantsamawa ya koma ja. Su ukun nan suka yi ta kallo, har tsuntsayen suka tasa 'ya'yansu gaba suka shige cikin ciyawa.

Da Wuraola ta waiwayo, sai ta ga Riskuwa tsaye, hawaye har gemu, hannuwansa biyu a sake.

"Baba Riskuwa, ina gorar?"

Ya dubi hannunsa. Gorar tana can nesa, ruwa na tafiya da ita.

"Ban san sa'ad da nis sake ta ba," ya ce.

Tamba ya naɗe hannun rigarsa, ya tsoma tafinsa cikin ruwa ya soma tuƙi. Sauran biyun suka bi shi, suna dariya ƙasa-ƙasa don kada su firgita masu gida.